Mata a Kan Keke: Daga Titunan Maiduguri Zuwa Hanyoyin Birnin Gwari

A ƙasar Birnin Gwari an yi shekaru sama da goma babu ƙarar da ke tsinka zuciyar uwa kamar rurin babura masu yawa a lokaci guda. Babur ɗaya ba komai ba ne, ɗan acaɓa ne ko manomi ya taso daga gona. Amma in rurin ya yi kauri, kuma ta gefen daji ya ɓullo, ba a tsayawa tambayar ko su wane ne. A saɓa na goye, a fizgi hannun mai tafiya, a bi inda ƙafa ta nufa. Mutanen Gwaska sun san wannan gudun. Ranar Asabar 5 ga Mayu, 2018, da rana tsaka 'yan bindiga suka zagaye ƙauyen, suka kashe aƙalla mutum 45, har da ƙananan yara, suka banka wa gidaje wuta. Waɗanda ke da sauran kwana, akasarinsu mata, suka watsu garuruwan da ke kusa. Bayan wannan ne Shugaba Muhammadu Buhari ya amince a girke bataliyar soja ta dindindin a yankin.

Kisan bai tsaya ba. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai hukuma ta juya kan abin hawan. A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta dakatar da kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana sayar da fetur a jarka, a ƙarshen Satumba kuma ta haramta hawa babur na tsawon wata uku, aka katse layukan waya a wasu sassan jihar. Manufar ita ce a toshe wa na daji hanyar samun mai da abinci da labari. Sai dai mutumin gari shi ma da babur yake kai mara lafiya asibiti, da shi yake kai buhu kasuwa. Magidanci yana da mafita, ko da ƙarama ce: ya jawo tsohon kekensa daga zaure, ya kakkaɓe ƙura, ya kai wa mai faci, gobe ya kama hanya. Matarsa ba ta da wannan. Ita ƙafa ce kawai, ko kuma ta zauna ta jira har a samu namijin da zai goya ta.

Kuma nisan ba na wasa ba ne. Birnin Gwari ta fi kowace ƙaramar hukuma faɗi a jihar Kaduna, ta haura murabba'in kilomita 6,000. Mutanenta, waɗanda ƙidayar 2006 ta nuna sun ɗara dubu 250, a warwatse suke cikin mazaɓu 11, daga Randagi da Kakangi a yamma har Kuyello da Kutemeshi da Tabanni a gabas. Gandun dajin Kamuku kaɗai, wanda ya zama na tarayya a 1999, ya kai murabba'in kilomita 1,121, kuma ya haɗe da dajin Kuyambana na Zamfara. Babban asibitin da ke ɗauke da sunan Jibril Mai Gwari a cikin gari yake. Makarantun sakandare ba a kowane ƙauye suke ba. A irin wannan ƙasa, tazarar da ke tsakanin gida da aji ita ce ke fara cire yarinya daga makaranta tun kafin maganar aure ta taso, kuma ita ce ke sa mai juna biyu ta tsallake ranar awo. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da matan wannan yanki za su kafa ƙungiyoyin keke nasu na kansu, kuma akwai wuraren da aka yi hakan aka ga amfaninsa, wasu ma ba su da nisa da mu.

Duk wanda ya ɗauki wannan magana mafarki, ya je Maiduguri. A watan Yulin 2011 gwamnatin Kashim Shettima ta haramta babur kwata-kwata a birnin da kewayensa, domin a kansa 'yan Boko Haram ke zuwa su harbe mutum su ɓace cikin lungu. Dubban 'yan acaɓa suka wayi gari ba sana'a, gari guda ya koma tafiyar ƙasa. Keke Napep ya cike wani gurbi, amma kuɗinsa kullum ne, kuma ba kowane lungu yake shiga ba. Sai keke ya dawo. Ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai maza suka hau, 'yan mata ma suka hau. Yau in ka tsaya bakin titi a Maiduguri da sassafe za ka ga ɗalibai mata cikin dogon hijabi, jakar littattafai a kwando ko a kariya, suna murza feda zuwa makaranta, wata har da ƙanwarta a goye. Ba mai juyowa ya kalle su, kuma wannan rashin kallon shi ne abin da ya fi burge ni. Borno ba ƙasar da za a koya wa addini ko kunya ba ce. Ita ce Gabas ɗin da gardawan ƙasar Hausa suka daɗe suna tafiya neman tilawa. Larura ce ta buɗe ƙofa, iyaye suka auna kuɗin abin hawa na kowace safiya da kuɗin keke na sau ɗaya, suka yanke shawara.

An hana babur a wasu wuraren ma: a Yobe, a Kano cikin Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero, a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2015. Ba ko'ina ne mata suka hau keke ba. A Kano Adaidaita Sahu ne ya mamaye tituna, kuma cunkoson birnin ba ya ba sabon hannu sarari. Amma in aka fita ƙasar Hausa kaɗan, mace a kan keke ba labari ba ce. A Tamale ta arewacin Gana, inda ake cinikin kasuwa har da Hausa, mata na zuwa kasuwa a keke da babur. A Wagadugu haka. A ƙauyukan jihar Delta da na ƙasar Ibo, tsofaffin mata ne ke ɗaure buhun rogo da jarkar manja a kariya su kai kasuwa.

Keke kansa ba baƙo ba ne a wajenmu. Dattawa na tuna lokacin da Rali ke nuna cewa mutum ya kama ƙasa, lokacin da En'e ke karɓar kuɗin lasin keke a maƙala ɗan ƙarfen a jikinsa, lokacin da malamin makaranta da duba-gari da ɗan doka duk a kansa suke zagaya ƙauyuka. Kamfanin Raleigh har masana'anta ya kafa a Kano saboda girman kasuwar. Kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ne ya fara ɗaga ma'aikata zuwa babur da mota, keke ya koma hannun talaka da ɗan makaranta. A duk wannan tarihi mace ba ta samu sirdi ba, ko da yake ta iya. Yarinya 'yar shekara takwas tana karɓar keken haya a ƙofar gida, ta faɗi ta tashi har ta ƙware, ba wanda zai ce uffan. Ranar da ta fara zama budurwa ne ake cewa, "Ke, sauka, ba kya jin kunya?" Wato a daidai shekarun da za ta shiga sakandare, lokacin da makaranta ta ƙara nisa, a lokacin ake karɓe abin da zai kai ta.

Dalilan da ake bayarwa sun cancanci a saurare su da mutunci, domin masu faɗarsu iyaye ne da ke son 'ya'yansu. Na farko sutura da addini. Fatawa ta malamai ce, kuma ya dace a kai musu tambayar kai tsaye, ba a yi ta raɗe-raɗi ba. Abin da kowa ya sani dai shi ne matan Musulmi sun hau raƙumi da jaki zuwa aikin Hajji ɗaruruwan shekaru, kuma har gobe matan Fulani na hawa jaki da takarkari in an tashi ƙaura. Sannan matar da ake hana ta hau keke ita kaɗai, ita ce ake bari ta hau bayan ɗan acaɓan da ba muharraminta ba. Wannan damuwar ce ta sa gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata a Kano a 2005, ta kawo Adaidaita Sahu. In cuɗanya ce abin gudu, keke ya fi kowane abin hawa raba mace da ita. Dalili na biyu ba a cika faɗarsa a fili ba: tsoron cewa sirdi na ɓata budurcin yarinya. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da wasu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bayyana cewa babu wata alama a jikin mace da za a duba a tabbatar da budurci ko rashinsa. Wannan magana ce da ungozoma da ma'aikaciyar jinya za su fi kowa iya zaunar da uwa su yi mata a tsanake. Na uku shi ne mafi nauyi, kuma ba likita ko malamin da zai warkar da shi: me mutane za su ce?

A nan ne ƙungiya ke shigowa. Mace ɗaya a kan keke abin nuni ce, yara su bi ta da ihu, 'yan majalisar bakin titi su yi kwana uku suna maganarta. Mata ashirin da suka fito tare, cikinsu da malamar Islamiyya da matar mai unguwa, ba wanda zai iya nuna su duka, kuma bayan wata biyu ido ya gaji.

Matan Musulmi a wasu ƙasashe sun riga sun gano haka. A 2016 wata mata mai suna Sarah Javaid ta tara 'yan uwa da ƙawaye kaɗan a unguwar Waltham Forest ta birnin Landan suka fara fita tare a keke, suka sa wa kansu suna Cycle Sisters. Yau ƙungiyar tana da rassa a unguwanni da dama na birnin. Tsarinsu mai sauƙi ne. Wadda ba ta da keke ana ara mata. Wadda ba ta iya ba ana koya mata, ko shekarunta nawa. Ba a tilasta wa kowa matsattsun kayan 'yan tsere, da hijabinki da doguwar rigarki za ki hau. Kowace fita tana da jagorori mata da aka horar, 'yan sa-kai ne, suna kula kada a bar kowa a baya, kuma ana tsayawa a sha shayi a yi hira. Da yawa hirar ce ke dawo da su mako mai zuwa. A Saudiyya sai a 2013 aka yarda mata su hau keke, shi ma a wuraren shaƙatawa kawai, da abaya, da muharrami a kusa. Shekara biyu bayan haka Nadima Abu al-Enein ta kafa ƙungiyar Bisklita a Jidda, garin da alhazanmu suka sani sarai.

Amma misalin da ya fi kama da halin Birnin Gwari a karkarar Indiya yake. Gundumar Pudukkottai ta jihar Tamil Nadu na cikin matalautan gundumomin jihar. A 1991 shugabar gundumar, Sheela Rani Chunkath, ta haɗa koyon keke da shirin yaƙi da jahilci. Tunaninta shi ne malamar yaƙi da jahilci ba za ta kai ga ƙauyuka masu nisa a ƙafa ba, kuma matar da ta koyi karatu amma ba ta iya fita sai an kai ta, da sauranta. Ta matsa wa bankuna su ba mata rancen sayen keke. Cikin kusan shekara ɗaya da rabi mata sama da dubu 100 suka koya: masu fasa dutse, 'yan ƙwadagon gona, ma'aikatan jinya na ƙauye, malaman makaranta. Wadda ta iya ita ke koya wa ta gaba da ita, kyauta. Da keken mata ya yi ƙaranci a kasuwa sai suka hau na maza, wasu ma suka fi son sa, domin sandar tsakiya na ba su wurin zaunar da yaro. A ranar mata ta duniya ta 1992 sama da mata 1,500 suka ratsa garin Pudukkottai a kan kekuna suna kaɗa ƙararrawa. Ɗan jarida P. Sainath ne ya kai labarin ga duniya. An yi musu baƙaƙen maganganu da farko, kamar yadda za a yi a nan. Abin da ya rufe bakin mazajen shi ne kuɗi: matar da ke kai kayan gona ƙauyuka da kanta ba ta ɓata rabin yini tana jiran mota, kuma tana dawowa da wuri.

Jihar Bihar ta bi ta wata hanyar. A 2006 gwamnatin Nitish Kumar ta fara ba kowace yarinya da ta shiga aji tara rufi 2,000 don sayen keke. Masana tattalin arziki biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, sun bibiyi shirin, suka gano ya ƙara yawan 'yan matan da ke shiga sakandare a shekarun da suka dace da kashi 32 cikin ɗari, ya kuma rage tazarar da ke tsakaninsu da maza da kashi 40 cikin ɗari. Ƙarin ya fi yawa a ƙauyukan da ke nesa da makaranta. Da yake duk 'yan aji aka ba, tare suke fita, kuma uban da ba zai bar 'yarsa ta bi hanya ita kaɗai ba ya yarda ta bi ayari.

Ba sai mun aro tsarin ƙungiyar daga waje ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta fuskanci wannan matsalar ta nisa: matan karkara na son ilimi, malama tana gari. Sai ta naɗa jagorori da ake kira jaji, dattijan mata da ake sa wa malfa, kowace ta jagoranci ayarin 'Yan Taru daga ƙauyenta zuwa wurin malama, su ɗauko karatu su koma su raba wa waɗanda ba su samu fita ba. Hikimar tana cikin zaɓen masu tafiyar: manyan mata da ƙananan 'yan mata, waɗanda al'umma ba ta ganin laifin fitarsu. Ƙungiyar keke a Birnin Gwari da irin waɗannan ya kamata ta fara. Akwai ɗalibai. Akwai ma'aikatan lafiya da masu rigakafin shan-inna da tuni suke bin gida-gida a ƙafa. Akwai malaman firamare. Akwai kuma matan da rikicin nan ya kashe wa mazaje, waɗanda ba su da mai goya su zuwa ko'ina, su ne uwa su ne uba, kuma ba wanda ke da bakin ce musu su zauna a ɗaki alhali bai kawo musu ko tiya ɗaya ta masara ba.

Kuɗin saye ma akwai tsohuwar hanyarsa. Babu unguwar da ba ta da uwar adashi. Mata goma sha biyu da ke zubi kowane wata, wadda ta kwasa ta sayi keke, cikin shekara guda kowa ta samu, kuma tun daga watan farko akwai keken koyo. Makarantun Islamiyya na matan aure da rassan FOMWAN, ƙungiyar da aka kafa a Minna a 1985, sun riga sun tara matan wuri guda a ranaku sanannu, da shugabanci da amana. Abin da ya rage shi ne a samu fili mai katanga, kamar harabar makarantar firamare ranar Asabar, inda babba za ta faɗi ba tare da an yi mata dariya ba.

Koyon ba shi da wuya in an bi shi yadda ya kamata. Masu koyar da manya kan sauke sirdi ƙasa har tafin ƙafa biyu su taɓa ƙasa, wani lokaci su cire feda gaba ɗaya. Mai koyo ta riƙa tura kanta da ƙafa, tana ɗaga su kaɗan-kaɗan, har jikinta ya gane yadda ake tsayawa a kan taya biyu. Birki ake fara koya mata kafin komai, domin wadda ta san za ta iya tsayawa ba ta tsoron tafiya. Sai a mayar da feda. Irin keken da za a zaɓa shi ma abin lura ne. Kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Japan sun dace da suturarmu: ba su da sandar tsakiya, suna da kwando a gaba, kuma akasari kacarsu a rufe take. Wannan murfin ba ado ba ne. Babban haɗarin mai dogon hijabi shi ne bakin hijabin ko na zane ya shiga kaca ko wayoyin tayar baya ya fizgo ta ƙasa. Maganinsa wando a ƙarƙashin zane, hijabin da bai wuce gwiwa ba ko a tattare bakinsa a zauna a kai, da raga ko ɗan kwali da za a ɗaure a gefen tayar baya. Tela ɗaya a cikin ƙungiya ta isa ta fitar da ɗinkin da ya dace da kowa.

Sai gyara, kuma a kansa ne irin waɗannan shirye-shirye suka fi mutuwa. A raba kekuna a ɗauki hoto, bayan wata shida rabinsu na jingine a bango saboda ƙaya ta huda taya. Hanyoyin karkara cike suke da ƙaya da tsakuwa da yashi. Dole kowace mamba ta iya cire tayar, ta zaro tib, ta hura ta tsoma a ruwa ta ga inda kumfa ke fita, ta kankare wurin, ta shafa sholisho, ta jira ya sha iska, ta manna faci. Aikin minti goma sha biyar ne. Ta iya mayar da kaca in ta zame, ta iya ɗaure birki, ta san lokacin sa mai. Ƙungiya ta mallaki famfo da sifana da akwatin kayan gyara, a ajiye a gidan shugaba. In mace ɗaya ko biyu suka ƙware har suka fara karɓar kuɗin gyara, sana'a ta samu, kuma matan da ke jin nauyin tsayawa a rumfar mai faci cikin maza sun huta. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005, ta fahimci haka a Zambiya da Kenya da sauran ƙasashen da take aiki: duk inda ta kai kekunanta masu suna Buffalo, sai ta horar da makanikai a cikin al'ummar.

Lissafin ribar a bayyane yake. Mai tafiya a ƙafa na cin kamar kilomita 5 a awa. Mai keke, ko a hanyar burji, tana cin 12 zuwa 15. Makarantar da ke nisan kilomita 8 ta tashi daga tafiyar sama da awa ɗaya da rabi ta koma ta minti 40. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne a kan wuyan mace, alhali kariyar Buffalo an ƙera ta ne ta ɗauki kilo 100. Ga kuma fetur. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja, kuma ɗan acaɓa a kan fasinja yake fanshewa. Mai ƙuli-ƙuli ko daddawa da ke kai kaya kasuwar ƙauyen gaba, kuɗin zuwa da dawowa na iya cinye ribarta ta ranar.

Duk da haka, kada wani ya ɗauka ina cewa keke maganin tsaro ne. Keke ba ya tsere wa babur. Ranar 7 ga Maris, 2024, a Kuriga da ke kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, cikin harabar makaranta aka kwashe yara da safe, sai bayan fiye da mako biyu aka sako 137. Waɗannan yaran sun riga sun isa makaranta, ba nisa ne ya ci su ba. A ƙarshen Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya karɓi 'yan bindigar da suka ce sun ajiye makami, aka sake buɗe kasuwar Kara da ta yi shekaru a rufe, manoma suka fara komawa gonakin da suka bari, motoci suka dawo kan hanya. Mutane sun ji sauƙi, amma waɗanda suka binne 'yan uwa suna da haƙƙin su yi taka-tsantsan, kuma sulhu irin wannan ya sha warwarewa a Zamfara da Katsina. Saboda haka ƙungiyar mata masu keke a nan ba za ta yi kama da ta Landan ba. A cikin gari za ta fara, daga unguwa zuwa asibiti, zuwa kasuwa, zuwa makaranta. Ba fita kafin rana ta ɗaga, ba kaiwa bayan la'asar a waje, ba mai tafiya ita kaɗai. Kowace sabuwar hanya sai an shawarci dagaci da masu unguwanni da waɗanda suka san motsin daji a wannan makon. Tsare hanya kuwa aikin gwamnati ne, ba wanda ya sauke mata shi.

Maza na da rawar takawa, kuma ba ƙarama ba. A masarauta irin ta Birnin Gwari, kalma ɗaya daga fadar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na II, ko daga limaman Juma'a, ta fi takardar kowace ƙungiyar agaji nauyi. Ƙungiyar ci gaban masarautar, BEPU, wadda ta yi shekaru tana sanar da duniya halin da ƙauyuka ke ciki lokacin da ba mai zuwa, tana da mutanen da za su iya ɗaukar wannan magana zuwa ma'aikatar ilimi. Kaduna na cikin jihohin farko da suka shiga shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500. Gina aji da ba da tallafi abu ne mai kyau, amma ya kamata masu tsara irin wannan shiri su duba abin da Bihar ta samu da kuɗi kaɗan.

Akwai kuma wasa, wanda bai kamata a raina ba. Ese Ukpeseraye, 'yar jihar Delta, ta ci gasar tseren keke ta mata ta nahiyar Afirka a Akara a 2023, ta kuma zama ta farko da ta wakilci Nijeriya a tseren keke a gasar Olamfik, a Faris a 2024. Da aka ba ta damar shiga tseren cikin zaure ba ta da keken da ya dace, sai tawagar Jamus ce ta ara mata. Abin ya yi wa 'yan ƙasa ciwo, musamman da yake muna da zauren tseren keke a babban filin wasa na Abuja tun 2003. A Satumban 2025 an yi gasar duniya ta tseren keke na kan titi a Kigali, karo na farko a Afirka. Yarinyar da ke murza kilomita 16 kullum tsakanin gida da makaranta tana gina irin ƙarfin da masu horarwa ke nema, kuma hukumar wasanni ta jihar Kaduna ba za ta same ta ba sai in akwai ƙungiyar da ta san sunanta.

In za a fara, kaka ce lokacinsa. Da damina hanyoyin ƙauye taɓo ne da rafuka, sabon hannu ba zai jure ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙasa ta bushe, zafi bai sauko ba, kuɗin masara da waken suya na hannun mutane, zubin adashi ba ya gagara. Wadda ta koya a Nuwamba, kafin ruwan farko ya sauka ta yi wata biyar a kan sirdi, ta san inda yashi ke kama taya a hanyarta, kuma ta koya wa aƙalla mace ɗaya a gidansu.